Kafin ka biya kuɗin satifiket ɗin hipnosis

Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren masu taɓin hankali a nan Zariya, kuma ɗalibai daga Samaru da Kongo kan turo mini tallan kwas ɗin hipnosis na intanet: sati biyu, dala kaza, shi ke nan ka zama ƙwararre. Hipnosis dai dabara ce ta kai mutum ga nutsuwa mai zurfi da magana kawai, har hankalinsa ya tattaru wuri guda, a rage masa raɗaɗin ciwo ko fargaba. Ba rufa-ido ba ne. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfaninsa tun 1955.

Fara da lasisin sana'arka ta asali. Likita ya riƙe na MDCN, wato hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, ma'aikacin jinya na Hukumar Jinya da Ungozoma, a riƙa sabunta shi a kan kari. Wannan ne ke ba ka damar kula da mara lafiya. Satifiket shaida ce kawai cewa ka zauna aji. Ƙungiyar masu amfani da hipnosis a aikin lafiya ta Amurka (ASCH), wadda likitan ƙwaƙwalwa Milton Erickson ya kafa a 1957, ba ta ba da shaidarta sai ga mai lasisin aikin lafiya.

Sannan ka binciki mai ba da takardar da kyau, domin a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Steve Eichel, ya taɓa samo wa kyanwarsa mai suna Zoe takardun shaidar hipnosis daga ƙungiyoyi daban-daban, don ya nuna kuɗi kawai wasunsu ke dubawa. Ka tura musu tambayoyi a rubuce. Awa nawa ake gwaji da mutum a gaban malami? Akwai jarrabawar da ake iya faɗuwa? In ɗalibinsu ya cuci wani, suna soke sunansa? Kwas ɗin da bidiyo ne zalla, ni ban ga amfaninsa ba, ko da hatimin zinariya ne a jikin takardar.

Ribar takarda ta gari a wurin aiki take fitowa. Likita a asibitin koyarwa na Shika ya fi sakin jiki ya turo maka mai tsoron allura ko mai ciwon da ya daɗe in ya san wa ya horar da kai, kuma in an samu saɓani da dangin mara lafiya, kana da abin nunawa.

Ka tanadi fom ɗin amincewa da Hausa, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba, ka rubuta ranar kowane zama da abin da aka yi. In mace ce, wata mace ko muharraminta ya zauna a ɗakin. Wanda yake jin muryoyi ko ganin abin da babu, kada ka gwada komai a kansa. Rubuta masa takarda zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa a Shika, ko asibitin Barnawa a Kaduna.