Yadda ake ƙara wa katin girafik gudu a zafin Damagaram: ta manhaja ko ta sauya BIOS

Masu buga wasannin kwamfuta da masu haɗa bidiyon biki a Zinder sun sha jin shawarar nan: a sauya wa katin girafik (ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hoto) BIOS, zai tashi kamar sabo. Hanya biyu ce ake bi a matso ƙarin ƙarfi daga kati. Ko dai a ƙara masa gudu da manhaja daga cikin Windows, in ya ƙi, a sake kunna kwamfuta komai ya koma daidai, ko kuma a goge 'yar manhajar da kamfani ya rubuta a jikin katin, wato BIOS, a rubuta wata, wadda in ta lalace baƙin allo kawai za ka gani. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, wuta kuma take ɗaukewa ba sallama, shawarata a fara da ta farko, kuma yawancin mutane su tsaya a nan.

Fara da ƙura

Kafin ka taɓa kowace lamba, cire katin ka share shi. Ƙurar hunturu tana toshe tsakanin ƙarafan da ke kwashe zafi, kati kuwa da kansa yake rage gudu in ya ɗau zafi. Katin GTX 1060 da ire-irensa suna ja da baya sosai wajen digiri 83. Ka sa buroshi mai laushi, in za ka busa iska ka riƙe fankar da yatsa. Katin da ya shekara uku ko huɗu a canza masa man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya. Sau da yawa wannan kaɗai yana maido da gudun da ake ta nema a wani wuri.

Auna shi yadda yake

Sauke manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, da MSI Afterburner ta ƙara gudu (tana aiki da katin kowane kamfani), da Unigine Superposition ko Heaven don gwaji. Gudanar da gwajin, ka rubuta maki da zafi mafi yawa a takarda. Da rana tsaka za ka yi, bayan azahar. Saitin da ya zauna lafiya da sanyin asuba a watan Janairu zai iya kifewa a bazara.

Ƙara gudu kaɗan-kaɗan

A Afterburner, ɗaga Power Limit (iyakar wutar da kati zai sha), ka saita fanka ta riƙa tashi da wuri. Sai ka ƙara Core Clock (gudun ƙwaƙwalwar katin) da MHz 15, ka danna alamar amincewa, ka yi gwaji na minti goma. In lafiya, ƙara wani 15. Da zarar ka ga ɗige-ɗigen launi, ko hoto na tsagewa, ko wasa ya rufe kansa, koma baya da mataki biyu ka tsaya.

Daga nan sai Memory Clock (gudun memorin katin), a riƙa ƙara MHz 50. Nan ne ake yaudarar mutane. Memorin GDDR5 da GDDR6 yana gane kuskure ya sake aika bayanin, saboda haka allo zai iya zama fes alhali makinka yana sauka. Makin za ka riƙa kallo. Inda ya daina hawa, nan ne iyaka. Kada ka sa saitin ya riƙa tashi tare da Windows sai ka yi kwanaki kana aiki da shi ba tangarɗa.

Ribar ba ta cika wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba. Wasan da ke ba ka hoto 40 a daƙiƙa zai koma 43 ko 44, ba 60 ba. Ni a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska na fi son akasin haka ma: danna Ctrl da F a Afterburner, taswirar wuta da gudu za ta fito, ka rage wutar da katin ke sha a kan gudun da ya saba. Zafi ya sauka, fanka ta rage kuka, gudun kuma ya daina hawa da sauka. RX 580, mai cin wat 185, yana jin daɗin wannan ƙwarai.

Yaushe ake taɓa BIOS?

Labarin sauya BIOS ba ƙarya ba ne, zamaninsa ne ya ja baya. A ƙarshen 2010 an gano cewa in aka rubuta wa Radeon HD 6950 BIOS ɗin 6970, sassan lissafinsa kan tashi daga 1408 zuwa 1536. Katunan GTX 900 ma ana gyara musu iyakar wuta da hannu. Amma daga jerin GTX 10 na 2016 Nvidia, mai ƙera katunan GTX, ta sa katin ya riƙa bincikar sa hannun kamfani a BIOS, wanda aka gyara sai ya ƙi tashi. Abin da ya rage galibi shi ne aro BIOS na wani kamfani mai iyakar wuta mafi girma, ƙarin wuta kuwa ƙarin zafi ne, abin da muke gudu ke nan.

Dalili biyu na taɓa BIOS na yarda da su. Ɗaya, in kamfanin katin da kansa ya fitar da sabon BIOS, kamar yadda aka yi wa RX 5600 XT a Janairun 2020, inda gudun memorin wasu katunan ya tashi daga Gbps 12 zuwa 14. Na biyu ya fi shafar mu. Bayan an daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumban 2022, tsofaffin RX 570 da RX 580 sun cika kasuwar kayan hannu, da yawansu ɗauke da BIOS na masu haƙa. Alamarsa direba (manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita) ya riƙa ƙin katin, ko wasa ya riƙa ƙamewa. Maganinsa a mayar masa da na asali.

In ya zama dole

1. Adana BIOS na yanzu da GPU-Z, ka kwafe shi a wuri biyu, ɗaya a wajen kwamfutar.
2. Nemo wanda ya dace a rumbun BIOS na shafin intanet na TechPowerUp. Sunan kati bai isa ba: kamfani, girman memori da mai ƙera memorin (Samsung, Hynix ko Micron, GPU-Z zai nuna maka) duk sai sun zo ɗaya.
3. Duba gefen katin ko yana da ɗan maɓallin BIOS biyu, irin na katunan Sapphire Nitro+. In yana da shi, ɗaya kawai za ka taɓa.
4. Jona kwamfutar a na'urar da ke riƙe wuta, ko a batirin sola da ya cika. Rubutun bai kai minti ɗaya ba, amma in wuta ta yanke a cikinsa, katin zai ƙi tashi.
5. Mayar da saitin Afterburner sifili, ka rufe ta. Rubuta da AMDVBFlash a katin AMD (irin su RX), NVFlash a na Nvidia. In manhajar ta ce lambobin katin da na BIOS ɗin ba su dace ba, kada ka tilasta mata.
6. Sake kunna kwamfuta, ka cire direba ka sa sabo.

In allo ya ƙi tashi, mayar da wayar allon zuwa kafar hoto ta jikin kwamfutar (ta motherboard), muddin furosesarka tana da nata sashen hoto, ko ka aro wani kati ka sa gefe, ka rubuta BIOS ɗin da ka adana. In hakan ma ya faskara, nemi mai gyara da ke da 'yar na'urar CH341A, ya maƙala ta a ƙwayar BIOS ɗin ya rubuta kai tsaye. Ka tafi masa da fayil ɗinka na asali, don shi ne abin da zai fara tambayarka.