Fayil ya ƙi isa ofis: kurakuran da aka fi yi wajen tura takardu ta imel

Duk wanda ya shigo shagona a nan Jos da kwamfuta a hammata, yana kukan takardar da ya tura ofis daga gida ba ta isa ba, maganarsa ta farko ba ta wuce: "Malam, sabis ne." Wani lokaci gaskiya ne, musamman da damina in hadari ya haɗo ta wajen Bukuru. Amma sau da yawa sabis bai san hawa ba, bai san sauka ba. Kwamfutar gida tana bin abin da ka ga dama. Sabar ofis kuwa, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da raba imel ɗin ofis, tana bin dokokin da ma'aikatan sashen kwamfuta suka gindaya mata, kuma ba ta jin magiya.

Abin haushin shi ne, in sabar ta ƙi saƙonka, takan faɗa maka dalili. Saƙo zai dawo daga mailer-daemon ko postmaster, cike da Turanci da lambobi, mutum ya gani ya goge don ya ɗauka tarkace ne. To a nan amsar take. In ka ga 5.3.4, fayil ɗin ya yi nauyi. In 5.2.2 ne, akwatin wanda ka aika wa ya cika. 5.1.1 na nufin adireshin ba daidai ba ne, 5.7.1 kuma wata doka ce ta hana saƙon shiga. Kada ka goge, ka ɗauki hotonsa da waya.

Nauyin fayil shi ne ya fi kawo mutane wurina. Gmail yana barin ka maƙala har 25MB, sai mutum ya ɗauka ko'ina haka ne. Ba haka ba ne. Sabar Exchange ta kamfanin Microsoft da ake girkawa a cikin ofis tana zuwa da iyakar 10MB in ba a taɓa ta ba, ta Microsoft 365 kuma 35MB. Ga kuma wani abu da ba kowa ya sani ba: asalin imel don rubutu aka ƙirƙire shi, saboda haka kafin fayil ya bi ta cikinsa sai an mayar da shi jerin haruffa, a nan yakan kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wata Hajiya mai aikin lissafin kuɗi ta taɓa yi min rantsuwa cewa rahotonta 9MB ne kawai, bai kai goma ba. Gaskiya ta faɗa. Sai dai kafin ya isa ƙofar sabar ya zama 12MB. Da muka buɗe shi, rasitai ne aka ɗauka da sikana a 600dpi (dpi ma'aunin kaifin hoto ne), masu launi, kamar hotunan biki. Muka sake ɗauka a 200dpi baƙi da fari, ya koma ɗan ƙarami, rubutun kuma raɗau. In takardar Word ce mai hotuna, danna hoton ka nemi Compress Pictures. In duk da haka ya ƙi, raba shi gida biyu ko uku, ka rubuta 1, 2, 3 a kan saƙonnin. Kada ka wahalar da kanka da zip, wato matse fayil, a kan hotuna ko PDF, dama a matse suke, abin da za a rage bai taka kara ya karya ba.

Wasu kuma sun ga saƙon ya tafi, ba su lura cewa ba fayil ɗin ne ya tafi ba. In abu ya wuce 25MB, Gmail yakan ɗora shi a Google Drive ya aika da mahaɗi kawai. Oga ya danna, a ce masa ya nemi izini, kai kuma kana barci a Anguwan Rogo. Ka buɗe wa adireshinsa izini kafin ka tura, ka kuma tambaya ko ofis ɗinku ma yana barin a shiga Drive, don wasu sun toshe shi.

Akwai fayilolin da ko ƙanana ne ba sa wucewa. Masu ƙarewa da exe, bat ko js, Gmail kansa yana hana su ko da an dunƙule su cikin zip. Ofisoshi da yawa suna tsare zip mai kalmar sirri saboda manhajar tsaro ba ta iya leƙa cikinsa, wasu har da Excel mai ƙarewa da xlsm. Dabarar nan ta canja wa fayil suna don ya sulale, ban ba ka shawararta ba. Ko ya wuce, in abu ya ɓaci sunanka ne a rubuce. Ka kira sashen kwamfuta su saki saƙon ko su nuna maka hanyar da suka amince da ita.

In daga ofis aka turo maka, ka buɗe a gida ka tarar da wani abu wai shi winmail.dat maimakon takardar, ba ƙwayar cuta ba ce, kuma laifin ba na kwamfutarka ba ne. Outlook ɗin mai turowa, wato manhajar imel ɗinsa, shi ne yake kan tsarin Rich Text, wanda sauran manhajojin imel ba sa fahimta. Ya shiga File, Options, Mail, ya mayar da tsarin rubuta saƙo HTML, ya sake turowa.

Sai maganar wuta. Ka danna Send, wuta ta ɗauke, na'urar intanet ta mutu, ko ka rufe kwamfuta da sauri don an kira sallah. Saƙon na nan zaune a Outbox. Abin da bai shiga Sent ba, bai tafi ba. In ya maƙale ya hana na bayansa fita, sa Outlook a Work Offline, cire saƙon, rage nauyinsa, sannan ka mayar.

Wanda ya fi cin rai shi ne na POP, wani tsarin sauke imel daga sabar. Mutum ya haɗa imel ɗin ofis da kwamfutar gida ta wannan tsarin, ita kuma ta kwashe saƙonnin daga sabar, ranar Litinin ya je ofis ya tarar da akwati wayam. A sauya zuwa IMAP, wanda ke barin komai a sabar, ko a zaɓi a bar kwafi a can.

Sunan fayil ma a sauƙaƙa shi. Ina son ƙ da ɗ da ɓ kamar kowa, amma tsofaffin sabobi sukan dagula su. Hoton iPhone mai ƙarewa da heic kuwa a mayar da shi jpg kafin a tura wa tsohuwar kwamfutar ofis.

Na ƙarshe, ni ma ya taɓa cin ni. Na buɗe takarda kai tsaye daga cikin saƙo, na shafe awa biyu ina gyara, na danna Save, sannan na danna Reply. Gyaran ya tafi wata jakar wucin gadi da ban san inda take ba, Reply kuma ba ya ɗaukar fayil, Forward ne ke ɗauka, shi ma tsohon zai kai. Yanzu sai na sauke takarda a Documents, na ƙara kwanan wata a sunanta, na gyara, na rufe ta, sannan na maƙala ta da hannuna.