Darasi na 9: Kirci a Jikin Mai Ciki da Mai Shayarwa

Ranar wata Talata a cikin hunturu, wata ɗaliba a ajinmu na yamma ta kasa rubutu. Ta ɗauki fensir ta ajiye, ta sa farce a lungun gwiwar hannunta tana susa. Cikinta wata biyar ne. Da na ce ta nuna mini, sai na ga wurin ya yi baƙi, ya yi kaushi kamar bayan guza, har ya fara tsagewa. Na ce, "Yaya, me kike shafawa?" Ta ce, "Malama, ba komai. Hajiyarmu ta ce mai ciki ba ta taɓa magani, in yi haƙuri sai na sauka." Wadda ke kusa da ita ta buɗe jaka ta fito da wani mai na kemis, ta ce kwana uku ya isa ya share shi. Na hana ta karɓa, kuma ban bar ta da haƙurin Hajiya ba.

Wanne ne kirci a cikin cututtukan fata?

Mu fara rabewa, domin a Kano duk abin da ya fito a fata sai a ce masa "eczema". Kyasfi daban ne, shi ne dabbare-dabbaren nan a ƙirji da baya, kuma bai cika ƙaiƙayi ba. Makero yana yin zobe. Ƙazuwa tana kama tsakanin yatsu, tana bin 'yan gida ɗaya bayan ɗaya. Kirci kuwa bushewar fata ce mai tsananin ƙaiƙayi. Ya fi son lungun gwiwar hannu, bayan gwiwa, wuya, bayan hannu, da kan nono. Ba a ɗaukarsa a zani ko a soso, kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba. Yana bin jini ne, shi ya sa ake yawan samunsa a gidan da ke da masu asma ko masu yawan atishawa.

Fatar mai kirci kamar randa ce mai tsaga. Ruwan jiki yana tsiyayewa, ƙura da sabulu suna samun hanyar shiga. Ciki yana sauya yadda garkuwar jiki ke aiki, saboda haka wata sai nata ya tashi, wata ya lafa, wata kuma ba ta taɓa yi ba sai a wannan cikin. Shi kansa kircin ba ya taɓa abin da ke cikinki.

Maiƙo kafin magani

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana tsotse fata, mu kuma muna ƙara mata da tafasasshen ruwa da soso mai kaushi. Ki sirka ruwan ya zama mai ɗumi kawai. Kada wankan ya wuce minti 10. Ki bar soso a wurin da ya kamu, ki bar sabulu mai ƙamshi da wanda ake cewa na kashe ƙwayoyin cuta. Sabulun salo ma, duk da sonsa da muke yi, yana busar da fatar wasu. In kin fito, ki ɗan dangwale jiki da tawul, kada ki goge. Tun da sauran danshi ki shafa mai.

Wane mai? Basilin fari marar turare, ko man kaɗanya tsantsa irin wanda ake samu a Kurmi da kasuwar Rimi, wanda ba a haɗa shi da komai ba. Sau biyu a rana shi ne mafi ƙaranci, hannu kuwa duk bayan wanke-wanke da alwala. Wannan ba ya cutar da ciki ko jariri ko kaɗan, kuma mata da yawa shi kaɗai yake isarsu.

Abu ɗaya dai: zanin da ya sha basilin yana saurin kama wuta. In za ki hura gawayi ko ki zauna kusa da kasko, ki sauya zani.

Wanki da garin sabulu yana cin hannu, a samu mai tayawa ko a sa safar roba. Baƙin lalle mai dayis shi ma yana tayar da fata, gara jan lalle na gargajiya in za a yi kwalliyar suna.

Karanta abin da ke jikin kwali

In maiƙo bai isa ba, ki faɗa a wurin awo. Akwai man da likita ke rubutawa mai kwantar da kumburin fata. Mafi sauƙinsa an rubuta shi a kwali haka: Hydrocortisone 1%. Mai ciki tana iya shafa shi, mai shayarwa ma haka. Yadda ake aunawa: ki matso shi daga kan yatsarki manuniya zuwa gaɓar farko. Wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu. A kan inda ya kamu kawai ake shafawa, sau ɗaya ko biyu a rana, na kwanakin da aka ce miki. Ki bar kamar minti 30 tsakaninsa da basilin.

Kalmar da nake so kowace ta iya ganewa ko daga barci ta tashi ita ce wannan: Clobetasol. Mai ƙarfi ne ƙwarai. Shi ne a cikin mayukan kemis da yawa da ake cewa suna maganin komai, kuma yana cikin mayukan bilicin da ake haɗawa a kwalba. Gaskiya ne yana kashe ƙaiƙayi da wuri, shi ya sa ake yabonsa. Amma in aka daɗe ana shafawa, fata tana yin sirara, nankarwa ta fito, ranar da aka daina kuma kircin ya dawo da fushi. Mai cikin da ta shafa irin wannan da yawa tana iya haifar jariri marar nauyi. Man da aka ɗura a kwalba ba suna, ba lambar NAFDAC, wannan ban ma san ta inda zan fara yi masa faɗa ba. Ki bar shi a inda kika gan shi.

In ƙaiƙayi ya hana ki barci, akwai ƙwayar da ake ba mai ciki, amma ma'aikaciyar awo ce za ta zaɓa. Piriton yana sa barci, kuma in kina shayarwa yana iya sa jariri kasala. Wadda kuma take shan Methotrexate, maganin da ake ba wasu masu kirci mai tsanani, tun kafin ciki, ta sanar da likitanta tun tana shirin ɗaukar cikin, domin yana nakasa ɗan tayi.

Jego da nono

A nan ake samun gardama da iyaye. Wankan jego safe da yamma har arba'in, da ruwa mai tururi da ganyen darbejiya, ga mai kirci kamar zuba gishiri ne a gyambo. Ba sai kin yi musu ba. Ki ce, "Inna, a asibiti sun ce a sirka mini ruwan saboda fatar nan, kuma a tsallake wurin da ganye." Yawancin iyaye in sun ga wurin da idonsu suna sassautawa.

In kirci ya kama kan nono, za ki ji masu cewa nonon ya ɓaci, a cire yaro. Bai ɓaci ba. Kirci ba ya bin ruwan nono. Ki ci gaba da ba shi nono zalla har wata 6. Maganin da aka rubuta miki, ki shafa shi da zarar ya gama sha, sannan ki goge da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi kafin ya sake kamawa. Ki wanke hannu bayan kin shafa magani kafin ki ɗauke shi. Kuma kada ki daina cin ƙwai, gyaɗa, kifi ko madara wai don kada yaro ya gada. Barin su ba ya hana shi, sai dai ya rage miki ƙarfi.

Wanda ba ya jiran ranar awo

In wurin ya fara tsiyayar ruwa, ya yi ɓawo rawaya, ko ƙuraje masu ruwa da zafi suka fito tare da zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga, ki tafi asibiti a ranar. Akwai kuma wani ƙaiƙayin da ba kirci ba ne. Yana zuwa a watannin ƙarshe, a tafin hannu da tafin ƙafa, ya fi tsanani da dare, kuma ba ƙurji ko ɗaya. Wani lokaci fitsari yana yin duhu, ido ya yi rawaya kamar mai shawara. Wannan daga hanta yake, yana da haɗari ga jariri, sai an gwada jini. Ki fara da asibitin unguwarku. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin fata.

Aikin gida

Ki kwafi waɗannan kalmomi sau uku a littafinki: kirci, kyasfi, ƙaiƙayi, maiƙo. Ki lura da lanƙwasar ƙ. Sannan ki tattaro duk man shafawar da ke ɗakinki, har wanda ke ƙasan akwati, ki zo da kwalayensu aji ranar Alhamis mu karanta su ɗaya bayan ɗaya.