Yadda ake rainon yaro a wasan ces, daga tafiyar doki zuwa lambar gwani

Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin bishiya a Tudun Wada ko cikin birnin Zariya bayan la'asar ya ga yadda dattawa ke duƙufa kan dara, gurabu 30, kowa da 'ya'yansa 12, ba mai ɗaga kai. Irin wannan natsuwar ces yake nema, sai dai shi allonsa gida 64 ne, kowane ɓangare da 'ya'ya 16. Ina zama da yara a kansa ran Asabar a Samaru, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne in ga yaro mai basira ya tsaya cak saboda an tsallake masa matakai. Ga tsarin da nake bi.

Da farko, kada a zuba masa dukkan 'ya'yan a rana ɗaya. A fara da sojoji takwas-takwas kawai, wanda ya riga kai nasa ƙarshen allo ya ci. Sai a shigo da hasumiya, sannan bishof, sannan sarauniya. Doki ne na ƙarshe, don tafiyarsa mai lanƙwasa ita ke rikita yara. A nan zai haddace darajarsu: soja 1, doki da bishof 3 kowanne, hasumiya 5, sarauniya 9. Tun ranar farko kuma a kafa masa dokar gasa: abin da ka taɓa shi za ka motsa.

Mataki na biyu shi ne ƙarshen wasa, ba farkonsa ba. A ba shi sarki da hasumiya biyu ya ritsa sarkin da ya rage shi kaɗai, daga nan sarki da sarauniya, daga nan sarki da hasumiya ɗaya. Sau da yawa yaro zai matse sarkin har ya rasa inda zai taka alhali ba a kai masa hari ba, wasan da ke hannunsa ya koma kunnen doki. Gara ya ɗanɗana wannan a gida.

Akwai tarkon da kusan kowane ɗan koyo ke faɗawa. Wani zai nuna masa yadda ake fito da sarauniya da bishof a kashe wasa a tafiya huɗu ta gidan f7, gidan sojan da ke kusa da sarkin abokin wasa, wanda sarki kaɗai ke tsaronsa. Zai yi wata guda yana cinye ƙannensa da ita, ranar da ya gamu da wanda ya san maganinta kuwa sai a yi ta korar sarauniyarsa kamar akuya a kasuwa. A farkon wasa abu uku sun ishe shi: ya kama tsakiyar allo, ya fito da dawakai da bishof, ya kai sarki maɓoya. Haddar dogayen buɗe-wasa ta jira.

Na uku, dabarun kai hari, kuma nan ake daɗewa. Harin baki biyu, inda doki ɗaya zai tsorata sarki da sarauniya lokaci guda. Turke, inda ɗa ba zai iya gusawa ba saboda babba na bayansa. Ana koyon su ne da maimaici, minti 15 zuwa 20 kullum. Lichess, shafin wasan ces a intanet, kyauta ne, cike yake da irin waɗannan matsaloli, amma ina roƙon iyaye su sa ido: wasan minti ɗaya a waya yana koya wa hannu riga tunani. A zaɓa masa na minti 15 ko fiye. In babu data ko an ɗauke wuta, a kwafi matsalar a jera ta a allo, ya ma fi zama a kai. Lokacin sallah da Islamiyya ba a taɓa shi, kuɗi kuma ba sa shiga wasa.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi riƙewa da ƙarfi: ya rubuta wasanninsa. Littafin makaranta da biro sun wadatar. Wata yarinya 'yar shekara 9 ta taɓa rufe nata bayan an cinye ta, ido ya ciko, ta ce, "Malam, wannan kada mu duba shi." Na ce, "'Yata, shi za mu fara dubawa." Muka sake jera wasan tafiya bayan tafiya. A ta 14 ta ɗora yatsa kan dokinta, ta yi shiru, sannan ta ce ita ta bar shi ba mai tsaro. Ban faɗa mata ba, ita ta gani, kuma tun daga ranar takan tambayi kanta abin da abokin wasa ke nufi kafin ta ɗaga hannu. Kwamfuta sai bayan yaro ya gama faɗin nasa ganin.

Sai gasa. Ya fara da ta makaranta, ya zauna da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da suka fi shi, ya saba da agogo. In ya nuna da gaske yake, a nema masa lambar rajistar FIDE, hukumar ces ta duniya da aka kafa a 1924, ta hannun hukumar ces ta Najeriya. Wasa biyar da masu maki, wato lambar FIDE da ke nuna ƙarfin ɗan wasa, ake buƙata kafin ya samu makinsa na farko, kuma mafi ƙanƙanta yanzu 1400 ne. Daga nan tsani ne mai tsawo: 2200 ɗan takarar gwani, 2300 gwanin FIDE, 2400 gwanin ƙasa da ƙasa, 2500 babban gwani, biyun ƙarshe kuma sai an haɗa da sakamako na musamman a manyan gasanni.

Iyaye kan ji cewa Gukesh na Indiya ya zama zakaran duniya a 2024 yana da shekara 18, sai su fara ƙirga shekarun nasu ɗan. Ni nakan ba yara labarin na kusa: Odion Aikhoje, ɗan Najeriya da ya ci zinare a allo na biyu a Olimfiyad, gasar ces ta ƙasashen duniya, ta 1998, da Amon Simutowe na Zambiya da ya zama babban gwani a 2009, da Tunde Onakoya da ya kai allo unguwannin talakawan Legas tun 2018.

Gasar da ke ba da maki yawanci sai an yi tafiya Abuja ko Legas, don haka a fara tara kuɗin mota da wuri. A jakarsa a sa biro biyu, ruwan sha, da littafin nan. In ya dawo, a bar shi ya huta kwana ɗaya kafin a jera wasan da aka cinye shi.