Littafi ga Yaron da Bugaggen Rubutu Ya Gagara: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Za a Gyara

Idan uwa ko uba a Bauchi ya tambayi malami, "Malam, wane littafi ne ya dace da yaron nan, ka san ba ya gani sosai?", amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce: littafin da tsararrakinsa suke karantawa suna jin daɗi. Hankalin yaron da shekarunsa su ne ke zaɓen littafi. Idonsa, ko hannunsa, ko yadda ƙwaƙwalwarsa ke ɗaukar haruffa, su kuma siffar da littafin zai zo a cikinta suke zaɓa: rubutun makafi na birel, manyan baƙaƙe, murya, ko rubutu a waya. Kusan duk kuskuren da muke yi daga cakuɗa waɗannan abubuwa biyu yake tasowa.

Ba duka ne makafi ba

Kuskure na farko shi ne haɗa yaran nan wuri guda a kira su da suna ɗaya. Akwai wanda ba ya gani sam. Akwai mai gani dishi-dishi, wanda sai ya kai takarda dab da hancinsa. Akwai zabiya, wanda haske mai ƙarfi ke kashe masa ido. Akwai mai lalurar disleksiya: idonsa garau, wayonsa cikakke, amma haɗa harafi da sautinsa na ba shi wuya ƙwarai. Akwai kuma wanda gaɓoɓinsa suka shanye, yana gani yana fahimta, riƙe littafi da buɗe shafi ne ba zai iya ba. Kowannensu abin da yake bukata daban ne. Ka kai wa mai disleksiya birel, ka ɓata lokacinsa. Ka ba makaho manyan baƙaƙe, ba ka yi komai ba.

Gyaran yana farawa daga asibiti, kafin kantin littattafai. A kai yaro sashen ido, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko duk inda ya fi kusa, a auna shi. Wani tabarau kawai yake bukata. Wani yanar ido ce, wadda ake cirewa da tiyata. Kuma a tambayi likita kai tsaye: ganin nan zai tsaya a haka, ko raguwa zai ci gaba da yi? Idan raguwa zai yi, a fara koya masa birel tun yanzu tare da rubutun da yake gani, kada a jira sai hasken ya ɗauke.

Kunne kaɗai bai isa ba

Wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Mu mutane ne masu al'adar hadda. Muna da makafi mahaddata Alƙur'ani, muna kuma da tarihin irin su Aliyu Namangi na Zariya, makaho da waƙoƙinsa suka zaga ƙasar Hausa. Saboda haka idan aka haifi yaro makaho, sai a ce ai a riƙa karanta masa, zai haddace. Yanzu da waya ta zo sai abin ya ƙara sauƙi: a cika masa memori da karatu, a sa masa abin sauraro a kunne, a ɗauka an sauke nauyi.

Sauraro yana da babban amfani, ban raina shi ba. Amma yaron da bai taɓa karanta kalma da kansa ba bai san yadda ake rubuta ta ba. Bai san inda jimla ke tsayawa ba, bai san waƙafi da aya ba, bai san cewa "kara" da "ƙara" harafi ne ya raba su ba. Ba zai iya komawa layin baya ya sake dubawa a nitse ba, ba zai iya jera lissafi ba, kuma ba zai rubuta wa kansa abin da ba ya so kowa ya ji ba. Duk ranar da mai karanta masa ya gaji ko caji ya ƙare, karatunsa ya tsaya. Babu uban da zai yarda a ce ɗansa mai ido ya gama firamare da sauraro kawai bai iya riƙe biro ba. Me zai sa a yarda da haka ga makaho?

Birel ba abu ne mai wuyar gaske ba. Luwi Birel, Bafaranshe da ya makance yana ƙarami, shi ya tsara shi a 1824 yana da shekara 15. Ɗigo 6 ne masu tudu a gurbi ɗaya, ana sarrafa su su ba da alamomi 63. Ana rubuta Hausa da shi, har da ɓ da ɗ da ƙ, ana rubuta Turanci da lissafi, ana rubuta Larabci, kuma akwai Alƙur'ani cikakke da aka buga da shi. A arewa ma ba baƙo ba ne: makarantar makafi ta Gindiri da ke maƙwabciyarmu Filato tun 1953 take. A nan cikin garin Bauchi akwai cibiyar ilimin masu bukata ta musamman a Yelwa. Kayan farawa ba su da yawa, allon birel ne da tsinken huda takarda. Na'urar Perkins, wato keken buga birel, ta fi sauri amma tana da tsada, ba sai an same ta ake farawa ba. Abin da nake roƙo shi ne wani a gidan, uwa ko yaya, ya koyi baƙaƙen shi ma. Mai gani da idonsa yake karanta birel, kuma ba ya daɗewa yake gane haruffan. Da zarar an samu mutum ɗaya a gida da zai duba aikin yaron, ya rubuta masa sunansa a jikin kofinsa, karatun ya zama na gida.

Ƙaramin da bai kai shiga makaranta ba, a haɗa masa littafin taɓawa da hannu. A samu kwali mai kauri, a manna ƙyalle a shafi ɗaya, yashi a wani, murfin kwalba, gashin kaza, tsinken tsintsiya. Kuskuren da ake yi a nan shi ne zana saniya da gam ko zare a ce ya shafa ya gane. Yaron da aka haifa ba ya gani bai san saniya a matsayin layi a takarda ba, ya san ta da gashi da ɗumi da ƙaho. A fara da ainihin abu. In za a yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a ajiye ƙwarya da ludayi da ƙwayar gyaɗa kusa, a miƙa masa idan labari ya zo kansu.

Raina shekarunsa

Yarinya mai shekara 15 ta zo neman abin karantawa, sai a miƙa mata littafin 'yan aji biyu don kawai shi ne mai manyan baƙaƙe. Tana ganewa, kuma yana yi mata ciwo. Daga nan sai ta ce ba ta son karatu, alhali littafin ne bai yi daidai da ita ba. Matashi yana son labarin jarumtaka, tarihi, ƙwallo, kimiyya, yadda ake sana'a, da soyayya mai tsafta. Shaihu Umar, wanda ɗan ƙasar nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a 1934, labarin yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa, ya dace da ɗan sakandare. Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuwa gajerun labarai ne a jere, don haka yana da daɗin rarrabawa, labari ɗaya a zama ɗaya, a birel ko a murya.

Dangin wannan kuskuren shi ne tara wa yaro labaran nakasassu da wa'azin haƙuri kaɗai. Yana da kyau ya haɗu da mai irin lalurarsa a cikin labari, musamman idan ba a nuna shi a matsayin abin tausayi ko mabaraci ba. Amma yaro ne, yana son dariya da ban tsoro da abin mamaki. A tambaye shi abin da yake so, a kuma bar shi ya ajiye littafin da bai yi masa ba.

Shagon fotokwafi da waya

Masu gani dishi-dishi sun fi shan wahala a nan. A ɗauki tsohon littafi a kai shagon fotokwafi a Wunti a ce a ƙara girma, sai ya fito a faffaɗar takarda, tawada ta koɗe, baƙaƙen sun yi ɓaro-ɓaro. Girma ya ƙaru, gani bai ƙaru ba. Abin da ya fi shi ne a sake buga rubutun a kwamfuta da girman baƙi lamba 16 zuwa 18 ko sama, baƙaƙe marasa ado, tawada baƙa wuluk, tazara tsakanin layuka, takarda marar sheƙi. A buga shafi ɗaya da girma iri uku a ba yaron ya zaɓa, shi ya san abin da yake gani. Kada a kwaɓe shi don ya kai littafi kusa da fuska, wannan ba ya ƙara lalata ido, hanyarsa ce ta gani. Zabiya kuma a zaunar da shi inda haske zai faɗo kan takarda ta bayansa, ba ya fuskanci taga ba.

A waya, kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar hoton shafi a tura wa makaho ta WhatsApp. Manhajar da ke karanta allo, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, ko NVDA da ake saukewa kyauta a kwamfuta, rubutu take karantawa. PDF ɗin da hotunan shafuka ne a cikinsa tamkar rufaffen ɗaki yake gare shi. A tura rubutun da aka buga da maɓallai, a Word ko EPUB (tsarin littafin waya da kwamfuta) ko cikin saƙo kai tsaye. A sani kuma cewa muryar da ke zuwa da yawancin wayoyi ta Turanci ce, tana karanta Hausa a gurguje, shi ya sa muryar mutum ta fi ga littattafan Hausa. Mai ɗaukar murya ya nemi ɗaki shiru, nesa da janareta, ya faɗi sunan littafi da babi da shafi, ya raba kowane babi daban, idan ya zo kan hoto ya bayyana abin da ke ciki maimakon ya tsallake. Littattafan Hausa da ake karantawa a YouTube da zaurukan WhatsApp suna da yawa, amma galibinsu na manya ne, don haka babba ya saurara tukuna.

Mai disleksiya kuwa bulala ba ta yi masa magani, kiransa daƙiƙi kuma zalunci ne. Yana bukatar a koya masa sautin haruffa da gaɓoɓin kalma a hankali, a maimaita. Hausa ta fi Turanci sauƙi a nan domin rubutunta na bin furuci, saboda haka da ita ya kamata a fara. Littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a firamaren jihohin Bauchi da Sakkwato a kan wannan tsari na sauti da gaɓa aka gina su. A haɗa masa da sauraro: yana jin murya, yana bin layi da yatsa. Wanda ba ya iya riƙe littafi, sau da yawa abin jingina littafi irin na katako da kafinta zai haɗa, ko waya da ake juya shafi da taɓawa ɗaya, ya wadatar.

Jiran tallafi da tsoron doka

Ƙarancin littattafan gaskiya ne. Ƙungiyar makafi ta duniya ta daɗe tana cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ne ke samuwa a siffar da makafi za su iya karantawa, na Hausa kuwa sun fi ƙaranci. Amma zama a jira wata ƙungiya ta kawo kwalaye, shekarun yaron ne ke tafiya. Wasu malamai kuma suna tsoron kada mayar da littafi birel ko murya ya zama satar fasaha. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Marakash ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, don wannan aka yi ta, kuma ta haɗa da makafi, da masu raunin gani, da masu lalurar karatu, da waɗanda ba sa iya riƙe littafi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shigar da wannan dama cikin dokar ƙasa. Sharaɗin a fili yake: littafin na halal aka samo shi, ba don riba ake juya shi ba, kuma mai lalurar ne zai yi amfani da shi, ba a baza shi a kasuwa ko a zauruka ba.

Akwai wuraren nema. African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara na Hausa kyauta a intanet, da lasisin da ya yarda a sauke a buga. Bookshare babban rumbun littattafai ne na masu irin wannan lalura, galibi da Turanci, ana rajista da shaidar lalurar. A Legas akwai cibiyar Nigerwives da ke buga littattafan makaranta da birel. Ƙungiyar Makafi ta Najeriya ma hanya ce ta sanin wanda ke da na'urar bugawa a kusa.

Idan an samu littafin, a adana shi. Ɗigon birel yana lotsewa in aka ɗora kaya a kansa, don haka a tsaye ake jera shi, nesa da laima da gara. Lokacin hunturu yatsu kan bushe su tsage, a shafa man kaɗanya da dare, a goge hannu sosai kafin a taɓa takarda.

Sai maganar lokaci. Littafi ɗaya na bugu yana zama kundi da yawa a birel, kuma juya shi na cin makonni. Iyaye kan jira sai an koma makaranta sannan su fara nema, littafin ya iso ana dab da jarrabawa. Tun ƙarshen zango na uku a je wurin shugaban makaranta a karɓi jerin littattafan aji na gaba, da sunan marubuci da bugun da za a yi amfani da shi, a fara da lissafi da Turanci tunda su ne sauraro bai iya ɗauke nauyinsu ba. Ɗan aji biyar na sakandare kuma a nemi littattafan adabin da WAEC da NECO da JAMB suka sa tun a lokacin, a kuma sanar da makaranta siffar da zai rubuta jarrabawa da ita kafin a rufe rajista.