Ƙannena masu shirin tafiya Ingila: ku nemi likita tun kuna da lafiya

Duk zuwan da na yi gida hutu, sai mata sun same ni a ɗakin Inna a Runjin Sambo da tambaya guda: “Yaya, wane magani zan cika akwati da shi?” Wata mijinta ya samu gurbin digiri na uku, wata ma'aikaciyar jinya ce da aka ɗauka aiki, wata amarya ce za ta bi ango. Ba mai tambayar yadda ake ganin likita a can, alhali a nan matanmu suke shan wuya, kuma na gaji da ganin kowace sabuwar zuwa tana faɗawa inda ta gabanta ta faɗa.

Biza da gwajin tarin fuka a Abuja ba sai na tsaya a kansu ba, wadda ta kai ga sayen tikiti ta riga ta wuce wannan. Ki dai san cewa cikin kuɗin da aka biya akwai na lafiya, fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga ɗalibi da kowane mutum ɗaya cikin iyalinsa, masu bizar aikin lafiya kuwa an ɗauke musu. Wato tun kina Sakkwato aka biya miki asibiti. Ba roƙo kike yi ba in kin je.

A gida in jiki ya ƙi daɗi, sai ki hau keke napep ki tafi asibitin koyarwa ko asibitin ƙwararru, ki yanki kati, ki bi layi, ko ki tsaya kemis ɗin bakin titi. A Ingila ba haka abin yake ba. Ƙofar komai ita ce likitan unguwa, wanda suke kira GP. Shi zai rubuta miki magani, shi zai tura ki gwajin jini, shi zai haɗa ki da likitan mata. In ba ki yi rajista da shi ba, kamar ba a san da zamanki a ƙasar ba, wasiƙun gwaji ma ba za su zo miki ba. Don haka a makon da kika sauka, tun ba ki gama jera kaya ba, ki yi rajista, ke da yaranki.

Ga inda ciwon yake. Da yawa daga cikinmu ɗaki muke fara kamawa a hannun wani wanda shi ma haya yake yi, ko kuma a rubuta takardar haya da sunan maigida shi kaɗai. Kuɗin wuta sunansa, kuɗin ruwa sunansa, harajin gida sunansa. Matar ba ta da ko takarda ɗaya mai sunanta da adireshi. Haka na kasance a hunturuna na farko a Manchesta. Na je wani asibitin unguwa, matar da ke kan tebur ta ce in kawo shaidar inda nake zaune. Na koma wurin mai gidan da muke ciki, ya ƙi rubuta mini ko layi ɗaya, don ba ya son a san ya zuba mutane a gidan. Na gwada wani asibitin, amsar ɗaya ce. A lokacin jinin al'ada yana zubar mini fiye da ƙima, hawa bene sai na huta a tsakiya, zuciya na bugawa, ga jiri. Watanni suka shuɗe a haka, har ranar da na yanke jiki a kicin aka kwashe ni zuwa sashen gaggawa, aka tarar jinina ya yi ƙasa sosai. A kan gadon nan wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa tun farko ba a da hurumin mayar da ni. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

To ki riƙe wannan da kyau. A ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS a Ingila, rajista da GP kyauta ce ga kowa, kuma ba dole ba ne ki nuna shaidar adireshi, ko fasfo, ko matsayin bizarki. Suna iya tambaya, amma rashin takarda ba dalilin hana ki ba ne. Abin da zai sa su ƙi shi ne in gidanku yana wajen yankinsu, ko sun rufe ɗaukar sababbin mutane, kuma in sun ƙi wajibi ne su ba ki dalili a rubuce cikin kwana 14. Yawancin asibitocin yanzu ana cike fom ɗinsu ta intanet, ba sai kin tsaya gaban kowa ba. In kuma zuwa za ki yi, ki tafi da 'yar'uwa wadda ta daɗe. Alhamdu lillahi ba mu rasa irinsu ba. Na ga matan Hausawa da suka sauko daga aikin dare suka raka baƙuwa asibiti ba tare da sun runtsa ba, na ga waɗanda suka yi wa maijego girki har ta yi arba'in. Amma sai kin yi magana za a san kina nan. Ku kuma magidanta, don Allah ku sa sunan matanku a takardar haya, ku raka su su buɗe asusun banki da sunansu. Mace ba kaya ba ce da aka shigo da ita.

In an ba ki lokacin ganin likita, kusan minti 10 ne, don haka ki shirya maganarki tun daga gida. Mu an raine mu da kawaici, ko mace na mutuwa in aka ce ya jiki sai ta ce da sauƙi. Likitan can in kika ce da sauƙi, da sauƙi zai rubuta ya sallame ki. Ki faɗi yaushe abin ya fara, sau nawa kike canja audugar mata a yini, ko ciwon yana hana ki barci. Kina da damar neman likita mace, kina da damar neman tafinta kyauta. Kada ki mai da ɗanki tafinta a kan lalurar mata, kuma akwai abin da ko a gaban maigida nauyi zai hana ki faɗa. In dare ne ko ƙarshen mako ki kira 111, in rai ne a hannun Allah, 999.

Sai maganar rana. Mu da muka tashi muna gudun ranar Afrilu, ba ma kawo wa ranmu cewa rashinta ciwo ne. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma an kira magariba. Daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar ba ta isa jiki ya haɗa bitamin D, shi ya sa hukuma take ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 a kullum a watannin nan. Mai baƙar fata ko mai rufe jiki kuwa, duk shekara aka ce ta sha, mu kuma duka biyun muka haɗa. Ciwon ƙashi, kasala da ciwon baya da matanmu ke dangantawa da sanyi ko sammu, sau da yawa wannan ne, kuma ƙwayar ba ta da tsada a kowane kanti. Ki riƙa fita kina taka ƙasa ko da hadari, zaman ɗaki daga ke sai waya yana sa ƙuncin zuciya. In kin ga kuka yana zo miki ba dalili, musamman bayan haihuwa, ki faɗa wa likita, ba raunin imani ba ne. Turaren wuta ki yi shi da kaskon lantarki. Garwashi a rufaffen gida yana fitar da iskar da ba ta da wari, kuma tana kisa.

Wasiƙa za ta zo miki in shekarunki suna tsakanin 25 da 64, ta gwajin bakin mahaifa. Na sha ganinta a kan firij ɗin mutane ba a ko buɗe ba, wai kunya. Mintoci kaɗan ne, ki ce mace kike so ta yi miki, kuma yana gano matsala tun ba ta zama sankara ba. Ciki ma ba a ɓoye shi sai ya fito kamar yadda muka saba. Ana son ki ga ungozoma kafin mako 10, a nan ake gwajin sikila, wanda mu ya fi shafa. Ki fara shan ƙwayar bitamin ta folik asid maikirogiram 400 a kullum tun kina neman cikin har mako 12. Binciken ƙasar da kansa ya nuna baƙaƙen mata sun fi farare haɗarin mutuwa wajen haihuwa fiye da ninki biyu, don haka in kin ji abin da bai kwanta miki ba, ciwon kai mai tsanani, kumburi, ko ɗa ya rage motsi, ki kira sashen haihuwa nan take, in ba a saurare ki ba ki sake kira.

Akwatin kuma, kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa za su yi miki rana. Kilishi, dambun nama da man shanu an hana shiga da su. Tiramadol da kodin kada ki yarda kowa ya ba ki saƙonsu. Kayan matanmu na Sakkwato da ake yi wa kirari, in kina shan wani abu daga ciki ki gaya wa likita, musamman in kina da ciki ko hawan jini, don ba kowane haɗi aka san abin da ke cikinsa ba.

Ranar da za ki zo gida hutu, ki sani garkuwar da jikinki ya saba da ita ta zazzabin cizon sauro tana raguwa in kin daɗe a waje, yaran da kika haifa a can kuwa ba su da ita sam. Mafi yawan masu wannan zazzabi a Birtaniya mutanen da suka je ganin dangi ne a Afirka ta Yamma. Hutun makarantarsu ƙarshen Yuli da Agusta ne, tsakiyar daminarmu. Ki je kemis ko asibitin unguwa makonni kafin tafiya ki karɓi maganin rigakafi, da kuɗinki za ki saya, ki kwana cikin gidan sauro ko da an yi miki dariya. In kin koma zazzabi ya kama ki ko yaro, ko bayan watanni ne, ki nemi likita a ranar, kuma kalmar farko da za ki faɗa masa ita ce kun dawo daga Nijeriya.