Yadda ake koya wa yara tarihin bauta da littafin hotuna

Darasin nan ya fi dacewa da 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare. A raba shi zama uku, kowanne minti 35, domin in aka cusa shi a zama guda, tsoro kawai yara za su tashi da shi.

Malami ya fara karance littafin shi kaɗai. Nemi wanda ya bi rayuwar mutum guda, mai suna da iyaye da gari, tun kafin a kama shi. Wanda ya buɗe da sarƙa da bulala a ajiye shi, haka ma wanda ya zana bayi suna ta murmushi a gona. Yawancin waɗanda ake samu da Turanci suke, kuma kan Amurka suke magana, sai ka rubuta Hausar kowane shafi ka liƙa a bayansa. In ba a samu ba, kwali takwas da mai zane sun wadatar. A zana labarin Dorugu, yaron Bahaushe da aka kama aka sayar, aka 'yanta shi a Borno, ya bi Barth, wani Bature matafiyi, har Landan a 1855.

Zaman farko na kalmomi ne. Yaro ya san "bawan Allah", wataƙila ma kawunsa Bawa ne. Bambance masa: nan ana nufin mutumin da aka raba da danginsa da ƙarfi, aka sayar. Riƙa cewa "wanda aka bautar", don yara su ji cewa yi masa aka yi.

A zama na biyu a karanta. Aji mai yara 70 ba zai ga hoto daga allo ba, don haka a kasa su ashirin-ashirin a kan tabarma. Ɗaga shafi, ƙirga goma a zuci, ka ce, "Me kuka gani?" kafin ka karanta komai.

Zama na uku shi ya fi nauyi, don a nan ake dawo da zancen gida. Nuna musu a taswira hanyar ayari daga Katsina ta Agadas zuwa Tarabulus, da hanyar teku zuwa Burazil, inda Musulmin da aka bautar suka yi bore a Bahiya a 1835. Bayyana rinji (ƙauyen gona da ake ajiye waɗanda aka bautar), da fansa, da murgu, wato kuɗin da wanda aka bautar yake biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa. Dokar Turawa ta 1901 ta ce 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar 'yantattu ne, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

Inda ake ɓata aikin shi ne gori. A Katsina da Daura jikokin waɗanda aka bautar da na iyayengijinsu benci ɗaya suke zama. Kada ka tambayi asalin kowa, kada a taɓo tsagar fuska ko sunan gida. Wasan kwaikwayon ciniki ko ɗaure wani da igiya kuwa, sam bai kamata ba, sunan zai bi yaron har ya girma. Sanar da hedimasta da iyaye tun da wuri. Sannan ka kasa kunne lokacin tara har mako guda. Da ka ji "ɗan bayi", kira mai faɗin gefe, buɗe masa shafin da aka raba yaro da uwarsa, ya faɗa maka da bakinsa wanda ya yi laifi a hoton.